Nazarin Lamari: Malamin Kimiyyar da Ya Shafe Wata 16 Yana Neman Daren Ruwan Taurari

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani gari da ke gabas da birnin Kano. Yana kula da ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya, kuma ya daɗe yana son ya nuna musu da idonsu abin da yake zana musu a allo, wato ruwan taurari. Bayanan da ke nan sun fito ne daga littafin da yake rubuta kowace fita a ciki, daga Agustan 2022 zuwa Disambar 2023.

Abin da muke gani ya gilma da dare har mu ce tauraro ya faɗi, ɗan ɓarɓashin dutse ne ko ƙura, wanda sau da yawa bai kai girman ƙwayar gero ba. Yana shigowa cikin iskar da ke kewaye da duniya da gudu mai tsanani, sai ya ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa, ya bar tartsatsin haske na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. A kowane dare ana iya ganin ɗaiɗaiku. Amma akwai wasu darare sanannu a shekara da duniya, a zagayen da take yi wa rana, take ratsa hanyar da wata tauraruwa mai wutsiya ta bi ta bar ɓarɓashinta, sai tartsatsin ya yawaita, ya zama kamar daga wuri guda a sama yake ɓulɓulowa. Wannan wurin shi malamin yake kira maɓuɓɓuga, kuma haka za a kira shi a nan. Girgijen da ke rufe mana sama kuwa, ko mafi tsayinsa, da wuya ya wuce kilomita 20. Duk abin da ke faruwa a can sama, idan girgije ya shiga tsakani, mai kallo ba shi da rabo a cikinsa.

Juma'a, 12 ga Agusta 2022: fita ta farko

Malamin ya samu labarin ne daga wani rubutu da ke yawo a waya, wanda ya ce a daren 12 wayewar 13 ga Agusta za a ga tartsatsi har 100 a cikin sa'a ɗaya. Ruwan da ake nufi shi ne Farsiyid, wanda ya fi kowane suna a Turai da Amurka. Tushensa tauraruwa mai wutsiya ce da ake kira Swift-Tuttle, da sunan mutum biyun da suka gano ta a 1862. Tana kammala zagayen rana cikin shekara kusan 133, kuma zuwanta na ƙarshe kusa da rana ya kasance a 1992. Ɓarɓashinta yana shigowa da gudun kilomita 59 a daƙiƙa.

Lokacin hutu ne, don haka ya tara ɗalibai 14 da ke zaune kusa da makaranta, bayan ya nemi izinin iyayensu. Sun hallara a filin ƙwallo bayan sallar isha'i, da tabarmi da tocila da wani madubin hangen nesa da aka aro. Sun zauna daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:30. Gari ya yi lumshi tun la'asar, kuma bai washe ba. Abin da kawai suka gani shi ne wani farin wuri a cikin girgije ta gabas, inda wata yake ɓoye. Ba su ga tartsatsi ko ɗaya ba, kuma a littafin an rubuta dalili ɗaya tak, wato girgije.

Akwai abubuwa biyu da littafin bai ambata ba a lokacin. Na farko, ranar ta yi daidai da wajen 14 ga Muharram, wata ya cika, kuma haskensa kaɗai ya isa ya dusashe mafi yawan tartsatsin. Na biyu, a ƙasar Kano maɓuɓɓugar Farsiyid ba ta hudowa sai wajen ƙarfe 11 na dare, ta arewa maso gabas. Sun naɗe tabarminsu kafin ta fito.

Disamba 2022: babu girgije, babu kuma abin kallo

Bayan wata huɗu ya sake gwadawa da ruwan Jeminid, wanda ke kai ƙololuwa a daren 13 ko 14 ga Disamba. Wannan ya bambanta da sauran, domin tushensa wani dutse ne mai zagaya rana da ake kira 3200 Phaethon, wanda aka gano a 1983. Gudun ɓarɓashinsa kilomita 35 ne a daƙiƙa, don haka ido ya fi samun damar bin sa. Tunanin malamin mai sauƙi ne: a Disamba ba a ruwa, saboda haka matsalar Agusta ba za ta maimaitu ba.

A daren Talata, 13 ga wata, ɗalibai 9 suka zo filin makarantar. Girgije babu shi, amma hunturu ya sauka da hazo. Taurarin da ke kusa da gefen sama duk sun ɓace, na tsakiya kuma sun dushe. Hasken fitilun gari, da na shagunan da ke aiki da janareta, da na sola da aka kafa a bakin titi, yana bugun ƙurar ya dawo, sai sama ta yi wani fari-fari kamar an shafa mata toka. Kafin tsakar dare kuma wata ɗan kwana 20 ya fito. Cikin sa'a ɗaya da rabi malamin ya ƙirga tartsatsi 4, dukansu manya. Ɗaliban da ke duba waya a kai a kai ba su ga ko rabin haka ba.

A wannan daren ne ya fara wani ma'auni da ya ci gaba da amfani da shi har ƙarshe: ƙirga taurarin Kaza da 'ya'yanta. Mai lafiyar ido yana rarrabe 6 a cikinsu idan sama ta yi garau. A daren nan ya rubuta cewa ƙungiyar taurarin ta zama kamar ɗan tabon hayaƙi, kuma da ƙyar ya rarrabe 2.

Shirin da aka yi wa Agustan 2023

Tsakanin Janairu da Yuli malamin ya koma ga karatu. Ya samo jadawalin shekara-shekara na ƙungiyar IMO, ƙungiyar duniya ta masu lura da ruwan taurari da aka kafa a 1988, kuma a nan ya gane ma'anar adadin 100 da ya ruɗe shi. Adadi ne na lissafi: abin da mutum ɗaya zai gani cikin sa'a idan maɓuɓɓuga tana daidai tsakiyar kansa, babu girgije, kuma duhun sama ya kai inda ake ganin taurari masu rauni har mataki na 6.5 a ma'aunin hasken taurari. Duk sharaɗin da ya ragu, adadin yana raguwa tare da shi.

Ya yi lissafin garinsu, wanda ke wajen digiri 12 arewa da layin ikwaita. Maɓuɓɓugar Farsiyid tana can arewa a digiri 58, don haka iyakar tsayin da take kaiwa a wurinsu digiri 44 ne daga gefen sama (tsakiyar kai ita ce digiri 90), kuma ba ta kai wa nan sai gari ya waye. Daf da asuba tana wajen digiri 40, wanda ke nufin kashi 2 cikin 3 na adadin ne kawai zai yiwu ko da komai ya daidaita. Sannan kowane mataki ɗaya na duhu da aka rasa, saboda wata ko hazo ko fitila, yana rage tartsatsin Farsiyid zuwa ƙasa da rabi.

Ta fuskar wata, shekarar 2023 ta yi kyau. Daren ƙololuwa ya faɗo wajen 25 ko 26 ga Muharram, lokacin da siririn wata ne kawai ke fitowa kusa da asuba. Malamin ya sauya abubuwa uku: ya mayar da lokaci zuwa ƙarfe 3 na dare har kiran assalatu, ya ware dare uku a jere maimakon ɗaya, ya kuma rage tawagar zuwa manyan ɗalibai 5 da wani abokin aikinsa, waɗanda za su kwana a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Don hasashen girgije ya dogara da wata manhajar yanayi a wayarsa, wadda ke nuna kason sama da girgije zai rufe a kowace sa'a.

11 zuwa 14 ga Agusta 2023: dare uku a tsakiyar marka

A dare na farko an yi ruwa tun bayan magariba, ya koma yayyafi, bai ɗauke ba sai da safe. Manhajar ta faɗi haka, kuma babu wanda ya fita.

Dare na biyu, Asabar wayewar Lahadi, shi ne na ƙololuwa, kuma shi ne ya fi ɓata wa malamin rai. Da yamma manhajar ta nuna cewa girgije zai ragu sosai bayan ƙarfe 2. Wajen ƙarfe 11 aka fara ganin walƙiya can nesa ta gabas, ba a jin cida. Zuwa ƙarfe 1 iska mai sanyi ta taso, hadarin ya bi ta kudu da garin bai zubar musu da ko ɗigo ba, amma ya bar wani shimfiɗaɗɗen girgije a sama wanda ya rufe komai har asuba. Manhajar ta ci gaba da nuna sama a buɗe alhali suna kwance a ƙarƙashin rufinta.

Abin da ya faru yana da bayani a yadda damina take a wannan yanki. A Agusta iskar da ke ɗauke da laima daga tekun Atilantika tana kaiwa iyakar arewacinta, shi ya sa watan ya fi kowane ruwa a Kano, kuma shi ne manoma ke kira marka. Mafi yawan ruwan yana zuwa ne da manyan hadura da ke tasowa daga gabas su nufi yamma, da gudun da ya kai wajen kilomita 50 a sa'a, sau da yawa da yamma ko cikin dare. Saman irin wannan hadari yana bajewa ya yi faɗin ɗaruruwan kilomita, kuma yana daɗewa bayan ruwan ya wuce. Manhajojin waya suna ɗauko hasashensu ne daga manyan kwamfutocin da ke lissafin yanayin duniya baki ɗaya, waɗanda ke raba sama gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita da yawa. Irin wannan lissafi yana iya cewa yankin zai samu hadari, amma yana da rauni wajen faɗin inda hadarin zai haɗu da sa'ar da zai iso, balle a Afirka ta Yamma inda tashoshin auna yanayi ba su da yawa.

Suna zaune a ƙarƙashin girgijen, abokin aikin nasa ya kawo shawarar rediyo. Akwai hanya sananniya ta jin tartsatsi ba tare da ganinsa ba: layin iskar da ya ƙona yana mayar da siginar tashar FM da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, sai a ji muryarta ta faɗo na ɗan lokaci a zangon da babu kowa. Sun gwada da rediyon hannu kusan sa'a ɗaya. Tashoshin Kano da na garuruwan kusa sun cika zangon, eriyar ƙarama ce, kuma ba su da hanyar bambance tartsatsi da ƙarar walƙiya. Suka bari. An kuma yi maganar shiga mota a nufi arewa a nemi inda sama ta buɗe, amma malamin ya ƙi, domin ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a kan hanya da talatainin dare a cikin damina ba.

A dare na uku girgijen ya tsage da ƙarfe 4:10, ta arewa da tsakiyar sama, ya sake haɗewa da ƙarfe 4:35. A cikin waɗannan mintoci 25 malamin ya ƙirga tartsatsi 5, ɗaya daga cikinsu ya bar layin haske da ya ɗan jima kafin ya ɓace. Jimillar abin da dare uku na rashin barci suka haifar ke nan. Biyu daga cikin ɗaliban ba su sake zuwa ba.

Da safe mai gadin makarantar, dattijo ne manomi, ya tambaye shi abin da suke nema a sama kwana uku. Da ya ji, sai ya nuna masa cewa wanda ke son ganin taurari ba ya neman su a marka, ya bari sai kaka, lokacin da ruwa ya wanke sama kuma hunturu bai kawo ƙura ba tukuna. Malamin ya rubuta wannan a littafin ya ja masa layi.

Oktoba 2023: gwajin sabon wuri

Shawarar dattijon ta dace da ruwan Oriyonid, na 21 da 22 ga Oktoba, wanda ɓarɓashin wata tauraruwa mai wutsiya ce da ake kira Halley. Ƙaramin ruwa ne, adadinsa na lissafi wajen 20 ne a sa'a, amma maɓuɓɓugarsa tana hawa kusan tsakiyar kai a ƙasar Hausa kafin asuba. Malamin ya ɗauke shi a matsayin gwaji, domin yana son ya auna wuri kafin Disamba.

Wurin da ya zaɓa masussuka ce a gefen wani ƙauye, kilomita 12 daga gari, inda wani ɗan'uwan matarsa yake noma. Ya je da rana ya gaishe da mai unguwa, ya yi masa bayani, aka kuma sanar da 'yan sintiri don kada a ga mutane kwance a fili da dare a ɗauka wani abu ne. Sun iso kafin magariba, suka kwana a zauren gidan, suka fita ƙarfe 2:30, bayan wata ɗan kwana 7 ya faɗi wajen tsakar dare. An tattara wayoyi a jaka ɗaya, an ɗaura jar leda a kan tocila guda da ake rubutu da ita, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin haske ɗaya yana rushe wannan sabon. Madubin hangen nesa an bar shi a gida, tunda yana taƙaita kallo ga ɗan ƙaramin yanki, tartsatsi kuwa ta ko'ina yake fitowa.

Sama ta yi tas. Ya rarrabe taurari 6 a Kaza da 'ya'yanta ba wahala. Daga ƙarfe 3:30 zuwa 4:30 ya ƙirga tartsatsi 11, 8 daga cikinsu sun fito daga maɓuɓɓugar Oriyonid. Raɓa ta jiƙa tabarmi, sauro kuma ya dame su, abubuwan da ya rubuta don gyara.

A wannan karon ne kuma ya daina dogara da manhaja ita kaɗai. Ya koyi duba hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ke tsaye a nisan kilomita kusan 36,000 a saman layin ikwaita, a lokacin yana aiko da sabon hoton Afirka duk bayan minti 15. Hoton da ke auna zafi yana nuna girgije ko da dare. Tunda hadari daga gabas yake zuwa, idan ya duba kilomita 200 zuwa 300 ta wajen Yobe da Borno ya ga babu komai, yana da dalilin sa ran sa'o'i 4 ko 5 na sama a buɗe, sai dai in wani sabon hadari ya haɗu a kusa.

12 zuwa 15 ga Disamba 2023

Komai na lissafi ya tsaya wa Jeminid na 2023. Wata ya ɓace a ranar 12 ga Disamba, don haka dararen sun faɗo a ƙarshen Jimada Ula da farkon Jimada Akhir, babu farin wata ko kaɗan. Maɓuɓɓugar, wadda ke kusa da taurarin nan biyu da ake kira tagwaye, tana hudowa wajen ƙarfe 8 na dare, ta kai digiri 69 jim kaɗan bayan ƙarfe 2, wato sama da kashi 90 cikin 100 na adadin lissafi, wanda ya kai 120 zuwa 150. An yi hasashen ƙololuwa a daren Alhamis, 14 ga wata. Abu ɗaya ne ya rage a hannun yanayi, shi ne hazo.

Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda busasshen gindin tsohon tafki yake. Ba kullum take tashi ba. Iska mai ƙarfi tana ɗaga ta na kwana ɗaya ko biyu, ta ɗauki kamar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta iso arewacin Najeriya, ta yi kwanaki, sannan ta lafa har sai wata ta sake tasowa. Wannan tafiyar hawainiya ta sa hazo ya fi hadari sauƙin hange. Malamin ya haɗa hanyoyi uku: sanarwar hazo da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa tare da nisan da ido zai iya gani, hoton Meteosat na musamman da ke nuna ƙura da launin ruwan hoda, da kuma wata hasumiyar sadarwa da ke nesa da gidansa, wadda yake duba ko ana ganinta kowace la'asar. Ya sa doka cewa ba za a kira kowa ba sai ya tabbatar da ƙarfe 5 na yamma.

Ranar Talata hasumiyar ta ɓace cikin ƙura, rana ta yi fari kamar faranti tun kafin ta kai ga faɗuwa. Bai kira kowa ba. Ranar Laraba hazon ya ɗan sassauta, ya je ƙauyen shi kaɗai, ya rarrabe taurari 4 a Kaza, ya ƙirga tartsatsi 13 a sa'a ɗaya, dukansu daga tsakiyar sama. Ranar Alhamis da la'asar hasumiyar ta fito sarai, rana kuma ta faɗi da ja. Ya aika a kira ɗalibai 8, suka tafi da barguna da huluna da fulas ɗin shayi.

Sun kwanta a masussukar ƙarfe 12:30, ƙafafu suna kallon kudu, kowa da takardarsa, domin ƙa'idar ƙirga ita ce kowane mutum ya rubuta abin da idonsa ya gani ba tare da haɗawa da na wani ba. Hazo bai gushe gaba ɗaya ba, gefen sama har tsayin kamar digiri 20 a dushe yake, amma daga nan zuwa tsakiya a buɗe yake, kuma an ga taurari 6 a Kaza. Daga ƙarfe 1:30 zuwa 2:30 malamin ya ƙirga 47. Mafi ƙarancin abin da ɗalibi ya rubuta a wannan sa'ar 29 ne. Sanyi ya kore su ƙarfe 3:15.

Wasu magidanta da suka ji hayaniyar yaran sun fito sun tsaya tare da su. Ɗaya ya tayar da tsohuwar maganar nan cewa faɗuwar tauraro alama ce ta rasuwar babban mutum. Limamin ƙauyen, wanda yana cikinsu, ya tunatar da su hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ba don mutuwar wani ko rayuwarsa ake jefa su ba.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Idan aka jera fitowar nan duka, za a ga cewa girgije shi kaɗai ya hana kallo a Agustan 2023 ne kawai. A Agustan 2022 ya ɓoye wasu kurakurai biyu da za su kayar da fitar ko da babu shi. Wannan ya jawo asarar lokaci, domin malamin ya tafi da fahimtar cewa rashin girgije ne kaɗai sharaɗi, sai Disambar 2022 ta nuna masa akasin haka.

A ganina babban kuskuren yana cikin zaɓen ruwan da za a kalla. Farsiyid ya yi suna ne saboda yana zuwa a lokacin zafi da hutu a Turai da Arewacin Amurka, inda maɓuɓɓugarsa take hawa sama sosai, a wurare da yawa ma ba ta faɗuwa duk dare. Rubuce-rubucen da ke iso mana a waya don waɗancan masu karatu aka yi su. A ƙasar Kano ruwan yana faɗowa a watan da ya fi kowane girgije, maɓuɓɓugarsa ba ta kai rabin sama ba, kuma sa'o'i biyu na kafin asuba ne kawai suke da amfani. Shirin 2023 shiri ne mai kyau, kuma ban ga abin da malamin zai ƙara a kansa ba; an dai yi shi ne a watan da damar nasara ba ta da yawa. Abin da ya fi damuna a wannan zangon shi ne ɗaliban nan biyu da suka janye, domin yaron da aka hana barci dare uku bai ga komai ba yana iya yanke cewa abin da ke cikin littafin kimiyya ba ya faruwa a samansa.

Nasarar Disambar 2023 ta tsaya ne a kan abubuwan da ake iya sani tun da wuri. Tsayin maɓuɓɓuga da sa'arta lissafi ne da ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara. Halin wata yana cikin kalandar Hijira da ke rataye a kusan kowane gida: daga wajen 25 ga wata zuwa 7 ga mai bi masa, mafi yawan sa'o'in bayan tsakar dare a duhu suke. Ƙaura daga filin makaranta zuwa masussuka ta cire hasken fitilu, wanda illarsa ke ninkuwa idan akwai ƙura. Abin da ya rage, wato hazo, an bi da shi ta hanyar ware dare uku da jinkirta kira zuwa la'asar, kuma hakan ya yiwu ne saboda Jeminid yana da ƙarfi fiye da dare ɗaya, hazo kuma yana zuwa yana lafawa a hankali. Irin wannan dabara ba za ta yi wa ruwan Kwadirantid na farkon Janairu ba, wanda ƙololuwarsa sa'o'i kaɗan ce. Dole kuma a faɗi cewa akwai rabo a ciki: da ƙurar ta ƙara kwana biyu, da shirin duka ya tashi a kan tartsatsi 13 na daren Laraba.

Manhajar waya ba ta zama marar amfani ba, ta faɗi ruwan daren farko daidai. Inda ta gaza shi ne faɗin sa'ar da girgije zai buɗe a cikin damina, kuma a nan hoton tauraron ɗan'adam ya fi ta, sai dai hangensa bai wuce 'yan sa'o'i ba.

Shafi na ƙarshe a littafin jadawalin gaba ne. Tunda shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, kwanakin wata a rana ɗaya ta Miladiyya suna ƙaruwa da kamar kwana 11 kowace shekara. Don haka ya rubuta cewa 14 ga Disambar 2024 za ta zo da wata ɗan kwana 13, daf da cika, kuma ba zai fitar da ɗalibai ba. Ta 2025 za ta zo da wata ɗan kwana 24, wanda ba ya fitowa sai bayan tsakar dare kuma haskensa kaɗan ne. Ya sa alamar tambaya a kan 5 da 6 ga Mayun 2024, daren ɗaya ruwan na tauraruwar Halley, wanda ya dace da duhun wata amma ya faɗo a bazara, lokacin da giragizan farko suka fara haɗuwa. A gaban Agusta ya rubuta cewa zai duba hoton Meteosat ƙarfe 2 na dare, idan gabas a buɗe take ya fita tsakar gida shi kaɗai.